Ingarman da Na Zaɓa wa Laraba

Kai jama'a, da kun ga dokin nan ranar da aka sauke shi daga mota! Har gobe ban manta ba. Kili ne fari tas, goshinsa da ɗan tudu, karan hancin ya lotsa ciki, bakin ɗan ƙarami kamar zai sha ruwa a kofin shayi. Ƙofofin hanci a buɗe, idanu dara-dara, fata siririya har kana ganin jijiya. Da ya taka sai ya ɗaga wutsiya sama kamar tuta. Na ce a raina, yau ga abin da nake gani a hoto ya sauko ƙasa. Sunansa Amir, Balaraben doki ne, har da takardar asalinsa.

Bari in koma baya, don na san na yi gaba da yawa. Sunana Sani, ina aikin barga a Trikania, a gidan wani Kanal da aka yi wa ritaya shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Da ya ajiye kaki sai ya zuba hankalinsa kan dawaki. Shugaban barga shi ne Baba Bitrus, mutumin wajen Zonkwa, wanda ya tsufa yana kula da dawakin soja kafin ya biyo Kanal. Ni ke ƙarƙashinsa: kwashe kashi, jiƙa dusa da kanwa, zuba harawa, goge jiki. Amma ni na gama sakandare, kuma na samo tsofaffin mujallun dawaki wajen masu gwanjon littattafai, na haddace su kaf. Shi ya sa Baba yake ce min Farfesa.

Akwai goɗiya a bargar, Laraba. A hannun Baba aka haifi uwarta, a hannunsa aka haife ta. Ubanta Balaraben doki ne da aka taɓa kawo wa soja. Duk 'ya'yan da ta haifa maza ne, an sayar da su ga masu ƙwallon doki. Ga shi ta tsufa, likitar dabbobi ta ce da ƙyar in ba ciki ɗaya ya rage mata ba. Burin Baba a duniya ta haifi mace, don kada jinin gidan ya yanke.

Ga yadda Baba yake aiki. Kafin a kai goɗiya barbara, sai ya yi bincike kamar za a ba da 'ya aure. Ya ɗaga kofaton ingarman, ya buɗe bakinsa, sannan ya hau kekensa ya bi gidajen da dokin ya taɓa yin barbara, ya ga 'ya'yan da idonsa. Da mai Amir ya kawo shi a duba, Baba ya yi kwana biyu yana wannan yawon. Ran na uku da hantsi ya samu Kanal a gindin mangwaro, ni kuma ina gefe ina wanke bokiti.

Ya ce, "Oga, kada a ba shi Laraba."

Kanal ya ce, "Saboda me, Baba?"

"Gida uku na je. Biyu turke suka nuna min, babu dukushi. Sun ce tun kafin yaye suka mutu. Akwai akawali, baƙin dokin nan na Malam Idi, a Unguwar Sanusi. Mummuna ne, hancinsa kamar na rago, amma 'ya'yansa suna nan suna cin harawa."

Ni da ba a tambaye ni ba, na ajiye bokiti na ɗauko takardar asalin Amir. Na riga na gano wani abu a ciki da ya hana ni sukuni don murna. Na ce, "Ranka ya daɗe, duba nan. Kakan Amir shi ne uban Laraba. Jini ɗaya ne zai haɗu, haka masu kiwo na ƙasashen waje suke tace kyau. Dukushi kuwa ko'ina yana mutuwa, sakacin 'yan barga ne."

Baba ya dube ni ya ce, "Farfesa, takardar taka ta rubuta waɗanda suka mutu?"

A nan ne na yi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce, "Baba, zamanin soja ya wuce, yanzu kowa na da bakin magana. Ilimi ake bi, ba yawon keke ba."

Kanal ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ka ji 'yan dimokuraɗiyya! To Baba, mu gwada na Farfesa." Baba ya gyara hularsa ya ce, "Goɗiya taka ce, Oga."

Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne. Duk tsawon nan Baba bai taɓa nuna fushi a kan aikin ba, shi ke tace mata ruwa, shi ke zagayawa da ita da yamma. Wata Alhamis na iso da safe na tarar ta haihu. Mace! Baba ya sa mata Lami. Wallahi ban taɓa ganin fuska irin tata ba, ta ɗauko ubanta sak. Baba yana goge ta da buhu yana murmushi, ya ce, "Farfesa, ka iya zaɓen fuska." Na yi ta yawo a unguwar Nasarawa ina kiran abokai su zo kallo.

Wata biyu lafiya lau. A na uku tari ya fara, sai majina, sai zawo. A yi allura ta warware kwana uku, ciwon ya dawo ya fi na da. Likitar, wata mata 'yar Filato, ta zo har sau biyar. A zuwan ƙarshe ta nemi takardar asalin, ta daɗe tana dubawa. Ta ce akwai wani ciwo da ke ɓuya a jinin Larabawan dawaki, kamar yadda sikila take a mutane. Uwa na ɗauke da shi tana lafiya, uba ma haka, amma in suka haɗu ɗan na iya zuwa babu garkuwar jiki. Nonon farko ne ya riƙe Lami, da ƙarfinsa ya ƙare shi ke nan. Ta ce ba ta da na'urar tabbatarwa, amma duk alamun sun nuna haka. Sannan ta ɗago ta ce, "Wa ya haɗa 'yan uwa na kusa haka?"

Kanal ya kalle ni. Kafin in buɗe baki, Baba ya ce, "Mu ne, Likita."

Lami ta mutu a wata na huɗu, bayan la'asar, kanta a kan cinyar Baba. Laraba ta yi kwanaki tana haniniya tana shinshina wurin. An sake kai ta barbara sau biyu, wajen akawalin Malam Idi, ba ta ɗauka ba. Jinin da Baba ya rena tun daga uwa ya tsaya a nan.

Da Kirsimeti ta zo Baba ya ce zai koma gida, gwiwa ta gaji. Ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. A hanya na ce, "Baba, ka yafe min." Ya ce, "Na yafe tun tuni, ɗana. Karatunka ba ƙarya ba ne, duk abin da ka faɗa kan fuskar nan haka yake. Amma takarda masu rai take lissafawa. Matattun sai ka je ka tambayi mai kwashe kashi." Da motar za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce keken yana bayan ɗakin harawa, in sa masa iska.

Yanzu ni ke riƙe da bargar. Mujalluna suna nan, ina son Balaraben doki kamar da, in na ga lotsattsen hancin nan har yanzu gabana sai ya faɗi. Amma duk ingarman da aka kawo, sai mai shi ya jira ni kwana biyu.

Ku da kuke wannan aiki, ko kiwon shanu ne ko na tumaki, akwai wanda ya taɓa ja da wani dattijo a gaban mai gida, dabba ta biya da ranta? Ku faɗa min yadda kuka ƙare da shi. Ni dai har yau ban iya zuwa Zonkwa na dubi idon Baba ba.