Tukunya mai jan zare ta Anti Nora

Da safen nan 'yar Anti Nora ta kira ni. Anti Nora ta rasu.



Waɗanda muka zauna Landover a shekarun tamanin za ku tuna ta, nas ɗin nan 'yar Filifin mai ƙofa kusa da tamu. Na zo Amurka amarya, ga ƙaramin ciki, duk abin da na ci sai ya dawo. Likita ya ce in na ci gaba da ramewa haka, cikin ba zai zauna ba.

Ta kawo min miya a kwano, na ƙi karɓa. Ƙaurin naman alade kullum na fitowa daga kicin ɗinta, ni kuwa ba na ɓoye-ɓoye, na faɗa mata gaskiya.

Ba ta yi fushi ba. Washegari sai ga ta da sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta ɗaura jan zare a hannun tukunyar. Ta ce, "Hajara, wannan taki ce. Alade ba zai taɓa shiga ba."

Ta ja ni kasuwar kifi ta bakin ruwa a Washington, tana ɗaga kunnen kifi tana yi wa masu sayarwa tsiya, wai Amurkawa sun jefar da kan kifi, sun jefar da daɗin. Ta dafa min sinigang, miyarsu ta kifi da jatan lande. Da na kurɓa sai na ji tsamiya! Tsamiyarmu ta kunu. Na zauna ina ci ina kuka.

Wannan miya ce ta riƙe min cikin ɗana Sadiq.

Bara na ziyarce ta a Springfield. Hannunta na rawa, amma ta dafa min miyar, a tukunyar nan dai, zaren ya koɗe. Ta manta watan azumi ne, jirgina kuma zai tashi kafin shan ruwa. Ta rufe miyar ta ce, "Ba komai. Sai kin dawo."

Wallahi da na sani da na ɗaga tafiyar.

'Yarta ta ce ko a gidan biki uwarta ba ta taɓa ara wa kowa tukunyar ba. Tana tambaya ina za ta aiko min da ita.

Ya Allah ka ga abin da wannan baiwa taka ta yi min, ka saka mata. Ka ba 'ya'yanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya taya ni da addu'a.