Gashi Biyu a Kai Ɗaya

Yayata Rahmatu ta shekara ashirin da biyu a ɗakin ajiye fayil na wani ofishin gwamnati, kuma duk takardar da ta ɓace ita ke zaƙulo ta. Abin da ya ɓace mata ta kasa nemowa shi ne gashin gaban goshinta. Laifinta ne kuwa, ko a gabanta haka nake faɗa.

Mahaifiyarmu, Inna Mero, mai kitso ce da babu irinta a Rigachikun, har daga Mando ake kawo mata amare. To Yaya 'yar fari ce, kun kuma san halin iyayenmu da 'ya'yan fari. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta hira da ita, sai dai "ke" ko "waccan". Ranar kitso kaɗai Yaya ke samun ɗora kai a cinyar uwarta. Amma watan da ta fara aiki, sai baiwar Allah ta zarce salun aka lafta mata rilaksa, man nan mai kwantar da gashi. Ta dawo gida tana wani kaɗa kai kamar Ba'indiya.

Inna ta shafa kan sau ɗaya, ta goge hannu a zani, ta ce, "Wallahi hannuna ba zai kama mataccen gashi ba."

Muka kai magana gun Malam Abdurrahim, limamin layinmu. Ya ce abu mai sauƙi, Inna ta ciyar da miskinai goma ta warware rantsuwa. Inna ta ce ita da ba ta ƙona kan kowa ba, a kan me za ta yi kaffara? Wadda ta ɓata ta gyara. Yaya kuma, da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ta ƙara sayen babban gwangwanin rilaksa.

Haka aka yi ta tafiya, ta yi aure, ta tare a Rafin Guza, ta haifi huɗu. Rilaksa na cin goshi, ita kuma tana sauko da ɗan kwali, har ya kusa rufe gira. A ofis suka ɗauka ustazanci ne ya kama ta, suka koma kiranta Malama.

Bara hannun Inna ya soma rawa. Ta ce daga babbar salla ta ajiye kibiyar kitso, ta gama. Da na gaya wa Yaya a waya, sai ta jefo mini tambaya.

"Aziza, wata nawa ya rage?"

Na ce, "Bakwai."

A ranar ta jefa gwangwanin a bola.

Kai, mun ga ta kanmu! Sabon gashi ya tsiro daga ƙasa, mai tauri kamar soson wanke tukunya, tsohon kuma yana lilo a sama, ta rantse ba za ta yanke ba don wai shi ne tsawonta. Mataji uku suka karye a kan nan. Babu abin da ba ta shafa ba, man kaɗanya, man shanu, ruwan albasa, har yaranta suka daina zama kusa da ita a mota. Wata rana ta jiƙa karkashi don wanke kai, ta zuba masa man kaɗanya da kanumfari, ta ajiye a firij. Mijinta Sulaiman ya dawo da yunwa, ya ɗumama, ya cinye tuwo malmala biyu da shi. Abin da ya ce kawai, miyar yau ba gishiri.

Saura kwana uku salla muka shiga mota sai Rigachikun. Yaya ta durƙusa ta gaida Inna, ta zame ɗan kwali. Inna ta laluba kan, ta dube ni, don ba za ta yi wa 'yar fari magana kai tsaye ba.

"Gaya wa waccan, rabi ne mai rai. Ni na ce ba na kama gawa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! Wata bakwai fa tana warin albasa!" Ban rufe baki ba Yaya ta miƙo mini almakashin ɗinkin Inna. Na yanke, ina yi ina masifa. Gashin shekara ashirin da biyu ya zube a tabarma, bai cika tafin hannu biyu ba. Abin da ya rage a kai bai wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Inna ta miƙe ƙafa. Yaya, uwar 'ya'ya huɗu, ta kwantar da kai a cinyarta. Hannun yana rawa, gashin yana suɓucewa, ta kama ya kuɓuce, ta sake kamawa. Macen da ke gama kan amarya kafin shinkafa ta nuna, tun azahar har aka kira magariba layi biyar ta samu, kowanne da inda ya dosa. Na ga hawayen Yaya na bin zanin Inna.

Inna ta sakar mata ranƙwashi, ta ce, "Ke, gyara kwanciya. Tun kina yarinya ba ki iya zaman kitso ba."

Yaya ta ce zafi ne. Ƙarya take, hannun ba shi da ƙarfin da zai ja da zafi. Ni ma sai na tashi wai zan duba tukunya.

Gaskiya ban taɓa ganin kitso mai muni irin wannan ba. Ya yi sati shida a kanta, ya tashi buzu-buzu, tana soka biro ta ƙarƙashin ɗan kwali tana susa. Na gaji na ce, "Yaya, don girman Allah ki tsefe wannan abin kunya."

Ta dafe kai da hannu biyu, ta ce, "In na tsefe, wa zai sake yi mini?"