Hankakan da Na Ɗauko wa Daddawar Hajjo

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labarin ni ne. Ni dai Malam Idi na Tudun Wada, mai furfura har a gira, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya fito yana ganin duk ƙasar Kano babu ɗan boko sai shi. Aji huɗun nan shi ya cuce ni. Da ban shiga makarantar ba sam, da na tsaya a kan abin da na sani. Da na gama ta kuwa, wataƙila da na gane inda sanina ya ƙare. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, an gargaɗe ni tun ina yawo ba wando, kuma kakata ce ta yi gargaɗin.

A wani ƙauye na girma, can gindin duwatsun Doguwa. Kakarmu, uwar mahaifina, Iya Tabawa muke ce mata. In an yi sallar isha lokacin sanyi, sai ta hura wuta da karan dawa a tsakar ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ɗakin nan ƙaurin hayaƙi da man shanu yake yi, har yau in na ji irin wannan ƙaurin sai in ji kamar in naɗe ƙafa. Ni take tsokana fiye da kowa. "Angona," in ji ta, "matso kusa, ko da yake kai miji ne na banza, ko goro ba ka taɓa kawo mini ba." Sai a sa mini dariya, ni kuwa in kumbura. Ba ta fara tatsuniya sai ta ciro dankali ɗaya ta hura, ta ce, "Ga wata nan na tono, zafi gare ta." Mu kuma mu amsa, "Ɓare mana mu ci."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta mai fura da hankaka. Wai wata mace ce a wani ɗan ƙauye, tana dama fura. Maƙwabtanta ne masu sayenta, kullum da rana tsaka su miƙo ƙoƙo ta katanga, ta zuba musu ta ƙara gyara. Ba ta yi arziki ba, amma furarta ba ta taɓa kwana ba. Ran nan hankaka ya sauka a bakin turminta. Iya Tabawa sai ta shaƙe murya ta karkace wuya ta yi maganarsa: "Haba baiwar Allah, irin wannan fura a ce ƙauyawa ne kaɗai ke sha? Ba ni dunƙule ɗaya kullum, in kai sunanki gari bakwai." Matar ta yarda. Hankaka ya tashi, ya yi ta shela, yana alkafura a sama, yana nuna farin ƙirjinsa. Kafin kwana uku ƙofar gidan ta cika maƙil. Mai fura ta ga taro, ta sauke geron rumbunta duka ta daka. Maƙwabta suka miƙo ƙoƙo, ta ce su dakata, manyan baƙi gare ta. Su kuwa manyan baƙin ashe hankaka suka zo kallo. Suka yi tafi, suka yi dariya, rana ta faɗi kowa ya kama hanyar garinsu. Fura ta kwana, ta sake kwana, ta yi tsami, ta yi tsutsa. Da ta leƙa katanga neman maƙwabta, ta tarar sun koma saye wajen wata.

A nan Iya Tabawa takan tsaya ta tona wuta ta ce, "To, wa ya fi laifi?" Duk yara su ce hankaka. Ni kaɗai, don in nuna na fi su kai, nakan ce, "Laifin matar ne, dunƙule ɗaya ya yi kaɗan. Da ta ba shi biyu da ya kawo masu saye." Wata rana ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Angona, Allah ya sa kada ka auri mai sana'a." Ta zuba wa wutar toka, ta ce tatsuniya ta koma gidansu, mu ma mu koma namu.

Addu'ar tata ba ta karɓu ba, domin mai sana'a na aura. Matata Hajjo daddawa take yi tun kafin mu haifi ɗanmu na fari, wanda yanzu shi ma ya aurar da 'ya. Wanda bai san aikin daddawa ba ya ɗauka wasa ne. A dafa kalwa yini guda, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta a ɗaki kwanaki har ta nuna, a kirɓa, a mulmula, sannan a shanya ta a rana har ta bushe ƙarau. Wannan shanyar ita ce rayuwarta. Kuma mai sayen daddawa ba ya tambayar kuɗi sai ya ɗauka ya kai hanci. Hajjo ta yi suna a haka. Babbar mai sayenta ita ce Hajiya Talatu mai tuwo a tashar mota, wadda duk ranar kasuwa take zuwa da kanta ta kwashi rabin abin da aka yi, su zauna su yi gulmar gari, ta tafi.

Da ɗana ya saya mini babbar waya, sai na shiga soshiyal midiya na ga yadda duniya ke ciniki. Na ga ana tallan atamfa, ana tallan turare, har da mai tallan raguna. Aji huɗuna ya motsa. Na sami Hajjo tana surfe na ce, "Ke dai kin zauna cikin duhu. Yau ciniki a waya yake." Ta ce, "Malam, wayar tana da hanci?" Na ce wannan tambayar marasa ilimi ce.

Na nemo wani mutum daga Kano, mai barkwanci a bidiyo, wanda ke kiran kansa Sarkin Talla. Ba yaro ba ne, ya kai ya san daidai, amma wandonsa ko idon sawu bai rufe ba. Na sayar da tunkiyata na biya shi. Ranar da ya zo, yana sa ƙafa a zaure ya toshe hanci da hankici ya ce, "Baba, wani abu ne ya mutu a nan?" Amma ana kunna kyamara, wallahi sai ga mutumin nan yana lumshe ido yana cewa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ƙamshi irin wannan ba. Ana kashewa ya fita waje ya tofar da yawu. Tun a nan ya kamata in kore shi, sai na ce a raina ai haka ƙwararru suke.

Ya ɗauki busasshiyar daddawa ya juya, ya ce wannan baƙa ce, a hoto kamar kashin awaki za ta fito. Ɗanya yake so, mai sheƙi, wadda ba a shanya ba. Kuma a daina sa ta a kwando, a zuba a robobi masu murfi, a manna takarda mai suna. Hajjo ta ce daga bayan labule, "Malam, in aka rufe ta da danshi za ta yi gumi." Na ce, "Hajjo, mutumin nan dubban jama'a ke binsa. Ke wa ke binki ban da kaji?" Allah ya yafe mini wannan maganar, don ita ba ta yafe ba tukuna.

Sannan ya sa ni rawa. E, ni. Da gemuna da babbar rigata, riƙe da roba a kowane hannu, ina juyi a tsakar gida yana kirari. Ya ce in ba a yi haka ba bidiyo ba ya tafiya.

Bidiyo kuwa ya tafi. Wayata ta yi ta ƙara har na daina jin kiran salla sosai. Na zauna a zaure da tabarau ina karanta saƙonni da kyar, ina jin kaina kamar hakimi. Wannan ya ce Masha Allah. Wancan ya ce Baba ya iya taku. Wata ta ce in ina neman ƙari ga ta. Wasu biyu suka kama zagin juna kwana uku a kan wai daddawa ce ta fi ko dunƙulen kanti, har suka kai ga iyaye. Masu tambayar "nawa ne?" kuwa ba sa ƙirguwa, kuma duk wanda na ba shi amsa sai ya ɓace kamar an haɗiye shi. Ni ban lura da wannan ba. Abin da na gani shi ne taro. Na sa Hajjo ta dafa kalwar da ta tanada ta wata uku a tashi ɗaya, muka cika robobi muka jera a ɗaki har kusan rufi.

Ranar kasuwa Hajiya Talatu ta yi sallama da kwandonta. Ni na tare ta a zaure. Na ce, "Hajiya, wannan makon sai haƙuri, kaya duk na mutanen Abuja da Legas ne." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam Idi, ni za ka hana daddawar Hajjo? Ni da na yi mata wankan jego?" Na ce kasuwanci ya canza. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, ɗan rawa." Ta juya.

Mutum biyu ne suka saya. Biyu. Na kai tasha na ba direba. Ɗayan bai sake magana ba, Allah ya saka masa. Ɗayar kuwa, da ta buɗe robar bayan kwana huɗu a cikin zafin mota da na shago, sai ta ɗauki nata bidiyon: farin gashi ya rufe saman daddawar, tsutsotsi suna tafiyarsu a hankali, ga takardar da na manna a jiki da sunan Hajjo ɓaro-ɓaro. Wannan bidiyon ya fi nawa gudu nesa ba kusa ba. Har matan unguwarmu da ba su da waya an kai musu sun gani. Na kira Sarkin Talla, ya ce shi aikinsa ya kawo ido, kuma ya kawo, in ina son a goge abin kunyar sai in sake biya. Na buɗe ɗakin da muka jera robobi, abin da ya bugi hancina ba zan rubuta shi ba. A kurar turawa muka kwashe su zuwa bayan gari, da rana tsaka, yara na bina suna kirana Baba Daddawa.

A kan hanyar dawowa ne Iya Tabawa ta faɗo mini a rai, da dankalinta da karkataccen wuyanta. Shekara sittin ina ganin tatsuniyar nan ta hankaka ce. Ashe hankaka bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Taro ya yi alkawari, taro ya kawo. Ba na cewa waya ba ta sayar da kaya. Akwai wata a Bebeji da ke sayar da huluna ta waya, tana samu, domin hula da ido ake sayenta, kuma ba ta kori kowa daga ƙofarta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mutum zai yi maka tafi, ya yi maka addu'a, ya tambayi kuɗi, alhali ko a mafarki bai yi niyyar saye ba, yatsansa ne kawai ke ƙaiƙayi. Sai kuma na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: mai furar tatsuniya ba ta da miji. Ita ta yi wa kanta. Hajjo kuwa ta faɗi gaskiya tun farko, ni na tsaya a ƙofa na kori maƙwabta.

Hajjo ta koma dafa 'yar kaɗan tana shanyawa kamar da. Mako uku ta aika wa Hajiya Talatu, mako uku ana dawo da kwandon yadda ya tafi. Matan da ke aiko yara da ƙoƙo sun ragu, waɗanda suka zo kuwa sai sun fasa daddawar sun leƙa cikinta a gabanta, abin da ba a taɓa yi mata ba tunda ta fara sana'a. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi.

Ran nan ta ajiye mini tuwon dawa da miyar kuka. Na kai loma ɗaya na ji salam, kamar an kaɗa kuka a ruwan randa. Na gyara murya na ce, "Hajjo, yau an manta daddawa ne? Kuma ki daina wannan fushin haka nan. Ko ba komai na sa duniya ta san ki. Dubban mutane sun ga daddawarki."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ban manta ba, Malam. Su dubban naka gani suka yi suka ƙoshi. Ga ta can a faifai, kai ma ka gani ka ci tuwonka."