Haƙorin Mifleh na Ƙarshe

Ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Shobak, wani falke mai baƙaƙen duwatsun niƙa daga ƙasar Hauran ya kwana a gidan Mifleh. Da gari ya waye ya sauke dutse ɗaya daga kan alfadari, ya ce tukuicin masauki ne. Mifleh ya ƙi karɓa. Shi da yake sassaƙa jan dutsen garinsu tun yana saurayi, a ga baƙin dutse a ɗakin matarsa?

Baƙon bai yi fushi ba. Ya ce nasa wuta ce ta amayo shi daga cikin ƙasa ya daskare, ba ya zubar da komai. Jan kuwa yashi ne da ruwa ya jibge, wani bisa wani, har ya haɗe, kuma duk ranar da aka murza shi sai ya tuna asalinsa.

Mifleh ya yi dariya, haƙoransa talatin da biyu a waje.

Shekaru suka tura. Fidda, matarsa, tana niƙa alkama, gurasa tana ƙaras-ƙaras a baki, shi kuma yana cewa daɗinta ke nan. Ita takan jiƙa tata a madara. Haƙoransa suka dinga cinyewa suna zubewa, har ya rage na tauna guda ɗaya, a ƙasa ta hagu. Nan fa tsoro ya kama shi.

Don kada a ce ya bi maganar baƙo, sai ya samo farin dutse mai sheƙi, irin wanda zafi da nauyin ƙasa suka dafa har ya sake kama. Alkama ta dinga sulɓewa a kai tana fitowa lafiya lau.

"Abu Ayid," in ji Fidda, tana kiran mijinta da alkunyarsa, "dutsenka ya fi mu tausayin alkama."

Ya hau mota zuwa arewa, can Hauran, ya dawo da baƙin dutse a cikin buhu, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi. Garin alkama ya fito da laushi, ba yashi ko ƙwaya.

In maƙwabta suka tsokane shi yakan ce, "Rabin tudun jan dutsen can a cikina yake, ku yi mini magana da ladabi."

Haƙorin ya tsira, sai dai babu na sama da zai haɗu da shi. Mifleh yana nan a Shobak, ya daina sassaƙa, yana jiƙa gurasarsa a kwano ɗaya da Fidda. Jan dutsen yana tokare da ƙofar akurkin kaji.