Jinyar Barkonon Inna

Masana tarihi sun cika littattafai da labarin ƙaurar al'ummu, amma har yau ban ga wanda ya tsaya ya rubuta ƙaurar da ta fi kowacce ban tausayi ba, wato ta barkono daga kasko zuwa tukunya. Ni na gan ta da idona, a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka, shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki.

Irin ba na kasuwa ba ne. Bayan rasuwar Inna, da ake raba 'yan komatsanta, wani ƙullin tsumma cike da 'ya'yan iri ya faɗo a rabona. Barkonon Inna kuwa sananne ne a dangi. Ɗan mitsitsi ne, amma guda ɗaya a miya kan sa dattijo ya tuɓe hula. In wannan ƙulli ya lalace, shi ke nan, irin ya ɓata. Na yafa shi duka a wani fasasshen kasko, ya tsiro, ya cunkushe, na ciccire na dasa a tukwane.

Washegari na iske duk sun langaɓe, kowanne ya kwantar da kai a bakin tukunya kamar ɗalibaina a darasin bayan azahar.

Da la'asar na ɗan yi zancen a majalisar ƙofar gida. To, a unguwarmu ba a jin abu ba shi da lafiya a ƙi zuwa dubiya, ba a kuma zuwa dubiya ba tare da magani ba. Dole na kwaso tukwanen zuwa zaure, tunda maza ba sa shiga cikin gida.

Alhaji maƙwabcina, tsohon malamin asibiti, ya saƙala tabarau ya dudduba su.

“Wahalar tafiya ce, Malam. An taɓa musu saiwa. A kwantar da su a inuwa, ruwa kaɗan kaɗan, a kuma hana 'yan dubiya.”

“To tashi ka fita, kai ne na farko,” in ji telan unguwarmu, Bagobiri, abokin wasana. Ya juyo gare ni. “Kai kuma Bakatsine, mi ya kai ka noma? Yunwa ce ke damun su. Kashin awaki za ka zuba musu, bawana.”

Dukansu sun girme ni, kuma wanda duk na ƙi maganinsa zai dawo gobe ya duba. Sai tela ya ce ai zamanin umarni ya wuce, a kaɗa ƙuri'a. Aka kaɗa. Alhaji ya zaɓi kansa, tela ya zaɓi kansa, ni na ƙaurace. Muka raba tukwanen gida biyu, jam'iyyar inuwa da jam'iyyar taki.

'Yan jam'iyyar taki ba su daɗe ba. Ɗanyen kashin ya ƙone su ƙurmus, tela ya ce maguɗi aka yi, ya ga Alhaji yana tofi a ɓoye. Na inuwa ma sai da suka ƙara lalacewa, ganyen ƙasa suka yi rawaya suka zube. Na riƙa tsuguno a gabansu kowace safiya ina luma yatsa a ƙasa in ji danshi, har mai ɗakina ta ce lokacin da ta yi zazzaɓi ba ta ga irin wannan jinya ba.

Ran nan da safe na ga ɗaya ya miƙe wuya, da ɗan sabon toho a ka. Sauran suka bi shi. Alhaji ya karɓi barka kamar wanda aka rantsar. Na riƙa fito da su hantsi sannu a hankali, suka yi fure, suka fara 'ya'ya. 'Ya'yan suka yi ta girma, suka wuce inda na san na Inna ke tsayawa. Alhaji ya ce kyakkyawar kulawa ce.

Yayata ta zo daga Kambarawa, na kai ta gaban tukwanen ina jiran ta yi ƙwalla.

“Yaya, kin gane su?”

Ta tsinki ɗaya, ta gatsa, ta tauna ba ko tari.

“Wannan ai tattasai ne. Barkonon Inna na daka yaji da shi tun kafin a share makoki.”