Ɗari da biyar da na karanta ɗaya

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na karatun injiniya a Khartoum, aka haɗa ni aikin kammalawa da wani abokina, Bahaushen Omdurman, wanda har kakansa a can aka haife shi. Aikinmu nazarin yadda ruwan ƙaro yake tsinkewa ɗigo-ɗigo daga bakin siririn bututu. Akwai wata lamba da ake fitarwa, mai gwada danƙon ruwan da ƙarfin da ke riƙe fatar samansa. Ba ta da mita, ba ta da kilo, lamba ce tsirara. Ina jin shi ya sa ko ta karkace ido ba ya saurin ganewa.

Shi yake awo, ni nake lissafi, don wai ni ne mai taka-tsantsan. Wata masana'anta a Bahri ta yi masa alkawarin aiki, muddin ya kai takardarsa a ƙarshen zangon.

Ranar kare aikin, Daktan da ke jarraba mu ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Wannan ƙaro ne, ko ruwan Nilu kuka ɗebo mana?" Aka yi dariya. Abokina ya jawo littafin awonsa ya buɗe. A gurbin danƙon ruwan, ɗari da biyar ya rubuta da lambobin Larabci: ɗaya, ɗigo, da'ira. Sifirinsu ɗigo ne, biyar ɗinsu kuma kamar sifirinmu. Ni na karanta ɗaya ɗigo sifiri, wato daidai danƙon ruwan sha. Na san lambobin nan sarai, kullum ina ganinsu a jikin motoci. Sau uku na maimaita lissafin, ban taɓa tambayarsa abin da ya rubuta ba.

Aka ce mu sake, sai zango na gaba.

A mota, muna haye gada, na yi ta ba shi haƙuri. Ya ce, "Ya zol, halas, ya wuce, mutumina. Ku 'yan Najeriya ɗigo ma sai an yi muku tafsiri?" Ya yi dariya, amma taga yake kallo. Masana'antar ta ɗauki wani.

Mun gama daga baya. Na dawo gida na samu koyarwa, shi kuma raksha, wato Keke Napep ɗinsu, ya koma tuƙawa. Ba zan ce kuskurena kaɗai ya kai shi can ba, wataƙila akwai wasu dalilai. Amma ban taɓa iya cire kaina daga ciki ba. Duk Sallah yana turo mini gaisuwa, bai taɓa tayar da maganar ba. Da sau ɗaya ya zage ni, ina ganin da na fi samun sauƙi.