Igiyar da Baba Sajan ya ƙi ɗauka

Har yau ranar da muka sauya wa kwamfutocin cibiyarmu manhaja ba ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin nan, ku da kuka zo daga baya, shi zan ba ku. A lokacin ina malamar ajin safe a wannan cibiya tamu ta koyar da kwamfuta a Zuru, Oga Bawa kuma, Allah ya ji ƙansa, shi ne shugaba. Shi ya ɗauke ni aiki, shi ya koya mini duk abin da nake koya muku yanzu.

Ajin safe na dattawa ne, galibi 'yan fansho. Suna zuwa ne don su iya cike bayanan fanshonsu da kansu, su kuma iya ganin jikokinsu ta waya ko kwamfuta. Babbar wahalarsu ita ce maus, ɗan abin da ake ja da hannu don motsa kibiya a allo. Hannu na rawa, kibiya ta gudu, mutum ya ji kunya ya ce gobe ba zai dawo ba. Sai na saka wani tsohon wasan kasada a kwamfutar da ke lungu. Irin wasan nan ne da ba a harbi ba a tsere. Kana da ɗan mutum a allo, ka danna wuri ya tafi, ya tsinci kaya, ya yi magana da mutane, ka yi tunanin abin da zai buɗe maka hanya. Niyyata hannunsu ya saba, shi ke nan.

Hannu ya saba, amma wasan ya kama su. Wanda ya fi kowa shi ne Baba Sajan, tsohon soja da ya haura saba'in. Shi ke riƙe maus, sauran su ja kujeru su kewaye shi suna ba da shawara. Kusa da shi kullum Mama Rifkatu ce, tsohuwar ungozoma, wadda suka taso unguwa ɗaya, ba sa minti biyu ba su tsokani juna ba.

Sun yi nisa har suka iso bakin wani kogi, a nan suka tsaya cak. Ana buƙatar igiya a ƙetare. Igiyar kuwa tana rataye a cikin wata bukka, kowa na ganinta. Baba Sajan ya ƙi ɗauka.

Na ce, "Baba, danna kawai. Haka wasan yake."

Ya ce, "Ɗiyata, mai bukkar ba ya nan. Kin ga wanda ya ba ni?"

Kullum sai ya kai ɗan mutuminsa ƙofar bukkar, ya yi sallama da bakinsa, ya jira ko mai gida zai fito. Babu mai fitowa, don masu wasan ba su yi wa bukkar mai gida ba. Haka aka yi makonni.

Ana cikin haka Oga Bawa ya sanar cewa ranar Asabar zai goge duk kwamfutocin ya saka Linux a madadin Windows. Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, waɗannan su ne manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, duk sauran a kansu suke zama. Oga mutumin Linux ne, yana cewa ta fi sauƙi ga tsofaffin injuna irin namu. Ni kuma na fi sabawa da Windows, don ita ɗalibai ke tararwa a ofisoshi. Mun daɗe muna wannan gardama cikin raha. Amma wannan karon damuwata daban ce. Wasan a kan Windows yake tafiya, ba mu san yadda za mu ɗora shi a kan ɗayar ba, kuma in aka goge, duk tafiyar da dattawan suka yi ta tafi.

Na same shi a ofis na roƙe shi ya bar ta lungu.

Ya yi dariya ya ce, "Malama Asabe, wasa ai na 'yan firamare ne. Makaranta muka buɗe ko gidan gem?"

Na ce, "Oga, mafi ƙanƙanta a cikin masu yinsa ya girme ka."

Ya ce ya ji, amma magana ɗaya ce, Asabar.

Ranar Asabar babu aji, amma da na iso na tarar da su a bakin ƙofa, su shida, Mama Rifkatu da ƙullin gyaɗa dafaffiya. Har wani dattijo da ya koma Ribah da zama ya hau mashin ya zo. Oga ya ga haka ya ce to, zai fara daga gaba, ta lungu ce ƙarshe. Aka tada janareta. Ya ɗauki filashinsa, ɗan abin da sabuwar manhajar ke ciki, yana bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna can suna ta musu a ƙofar bukka.

Mama Rifkatu ta ce, "Kai Sajan, za ka ɗauka ko sai an goge mu? Tsufa ya sa ka zama waliyyi?"

Ya ce, "Na yi aikin soja har na gama ban ɗauki kazar kowa ba."

Ta ce, "Kazar kowa? Gwandar gidanmu fa, da kana yaro, ita ta bi ka gida da ƙafarta?"

Aka fashe da dariya, har shi. Amma hannunsa bai motsa ba.

Bayan azahar Oga ya gama da sauran, ya zo ya tsaya a bayansu da filashi a hannu. Na ga fuskar Baba Sajan ta canja. Ya saki maus ɗin, ya fara gyara hularsa kamar mai shirin tashi. Oga ya tambayi abin da ya tsayar da su, Mama Rifkatu ta zayyana masa. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Sai ya sunkuya ya ce,

"Baba, wannan kwamfutar ta wa ce?"

"Taka ce, Oga."

"To bukkar da ke cikinta fa?"

Baba Sajan ya ɗago ya dube shi.

Oga ya ce, "Igiyar tawa ce. Na ara maka."

Baba ya juya ga sauran ya ce, "Kun shaida?" Suka ce sun shaida. Ya danna. Ɗan mutumin ya ɗauki igiya, ya ɗaura a bishiya, ya ƙetare. Mama Rifkatu ta rangaɗa guɗa har mai shagon kusa da mu ya leƙo yana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ashe ƙetaren ba ƙarshe ba ne. Wani gari ne sabo, da kasuwa da rijiya da ƙofofi a kulle. Oga ya ce bari ya ga minti ɗaya kawai. Ya jawo kujera. Jim kaɗan na ji shi yana cewa, "A'a Baba, ba nan ba, bi ta hagu, ai mun ga mabuɗi a wurin mai kifin nan." Mama Rifkatu ta miƙa masa gyaɗa ta ce, "Sannu ɗan firamare," don na riga na gaya mata abin da ya faɗa. Ya karɓa bai ko dube ta ba.

Da yamma, bayan sun tafi, na ga bai goge ta ba. Ya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, ya saka Linux a gefe guda ya bar Windows a ɗayan, yadda in ka kunna za ta tambaye ka wadda kake so. Na ce, "Oga, ina maganar ɗaya ce?"

Ya ce, "Yaya zan goge? Bai dawo mini da igiyata ba."

Ba zan tsawaita a kan Oga ba, don har yanzu maganarsa tana mini nauyi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowa a cikinmu yana da manhajar da ya fi so, kuma za ku yi ta gardama a kai kamar yadda muka yi. Amma kafin ku goge kwamfuta, ku tambayi wanda ke zama a gabanta, kada kuma ku ƙiyasta shekarunsa daga abin da kuka gani a allo. Ku je ku tsaya a bayansa tukuna, ku ga inda ya kai.